Yaya ake samun hoton 'ya'yan dinya kusa-kusa ba tare da uwar ta kwashe su ba?

Ɗan Kusugu

Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Akwai dinyar da ta fito da 'ya'ya a wata fadama ta wajen Daura, bakwai ko takwas, har yanzu gashin ƙuruciya ne a jikinsu, rawaya-rawaya. Kayan aikina Nikon D3500 ne da gilashin jawo nesa na milimita 70-300. Matsalar biyu ce. Da an kai kamar taku hamsin tsakani sai uwar ta miƙe wuya ta shige ciyawa da su, shi ke nan. Ɗan abin da aka samu daga nesa kuma, in an buɗe a kwamfuta, ciyawar ce ke fitowa tangaran, su kuwa dishi-dishi. Shin gilashin ne ya yi kaɗan sai an nemi na milimita 600, ko akwai dabarar da ta wuce ni? Irin hoton da za a ga ƙwayar ido da silin gashi nake so.

Malam Na-Ajiwa

Wa alaikumus salam. Ɗan Kusugu, ajiye maganar 600 tukuna. Ko ka saye shi, muddin a tsaye kake tunkarar su, hoton bayansu suna gudu za ka samu, sai dai ya fito da girma. Dinya tsuntsuwa ce da ake farauta, ta san siffar mutum a tsaye tun daga nesa, idanunta kuma a gefen kai suke, ba sai ta juya ba take ganin ka. Ba a bin ta. Wurin da za ta kawo ɗiyan da kanta ake ganowa, a riga ta zuwa, a kwanta.

Kwana biyu ko uku na farko kada ma ka fito da kyamara. Zauna can nesa, mita 100 ko fiye, jikin bishiya ko gefen tudu, daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara. Lura da inda suke fitowa daga ciyawa, da hanyar da suke bi suna kiwo, da gaɓar da suke hawa su sha hantsi su gyara gashi. Gaɓar nan ita ce taka, don in ba a dame su ba sukan maimaita wuri ɗaya. Da rana tsaka, sa'ad da suka shige duhuwa, je ka tabbatar: ciyawa za ta kwanta, ga kashi kore-kore, ga sawun ƙafa mai fata a taɓo manya da ƙanana, ga gashin da uwar ta zubar. Minti biyu ya isa, ka bar wurin.

Sai maɓoya. Ba ka buƙatar tanti na kanti. Zana biyu, turaku shida, igiya, da ɗanyar ciyawa irin ta wurin da za ka soka a jikin zanar. Tsawonta kamar mita 2, yadda za ka miƙe rub da ciki ƙafarka ba ta leƙo ba, faɗi mita 1, tsayi kada ya wuce ƙugu. Ka rufe sama, ka rufe baya. Nan ne mutane ke kuskure: su kare gaba kawai su bar baya a buɗe, sai haske ya ratso ta bayansu, duk motsin da suka yi ya bayyana ta ramukan zanar kamar inuwa a labule. Cikin maɓoya duhu ake so. Ramin gilashi kuma ƙasa-ƙasa, santimita 25 zuwa 30 daga ƙasa, faɗinsa ya ɗara hular gilashin kaɗan, sannan wani ɗan tsagi a samansa na leƙe.

Ta gabas da gaɓar za ka kafa ta, don rana ta fito ta bayanka ta haske su. Kuma ba a kafa ta kusa rana ɗaya. Fara daga mita 30, ka bar ta kwana biyu ba kowa ciki. In sun ci gaba da hawa gaɓar, matso da ita mita 6 zuwa 8, da rana tsaka, ka sake bari. Haka har ka kai mita 12. In ka matso suka daina zuwa, ka yi sauri ke nan, mayar da ita baya. Aikin mako guda ne ko fiye, kuma akwai lokaci, don ɗiyan dinya sukan haura mako goma kafin su tashi sama. Sai dai wannan rawayan gashin da kake so bai daɗewa, cikin 'yan makonni gashin manya yake fara tsirowa, don haka fara yanzu.

In wurin akwai rumfar masu gadin shinkafa ko tsohon kwalekwale da aka kife, ya fi duk abin da za ka gina, tsuntsayen sun riga sun saba da shi. Nemi izinin mai gona ka gyara shi kawai.

Shiga da duhu ake yi. A Satumba da Oktoba rana na fitowa wajen 6:20 a yankinmu, to ka sallaci asuba ka kasance ciki kafin 5:45, ba tocila. In ka makara gari ya waye, ku tafi ku biyu, ka shige, ɗayan ya juya ya koma a fili ana ganin sa. Tsohuwar dabara ce, tsuntsu ya ga mutum ya zo ya ga mutum ya tafi, sai hankalinsa ya kwanta. Fita ma haka: ba ka fitowa suna gabanka. Ko dai ka jira su tafi da kansu, ko abokin ya dawo daga nesa a hankali su janye kafin ka motsa. Ranar da suka ga mutum ya fito daga zanar, ta gama aiki.

Malama Bado

Ƙanena, kafin a yi nisa, ka tabbata dinya ce? Ana yawan kiran duk agwagwar daji dinya, alhali halinsu da 'ya'ya ya bambanta, dabarar ɗaukarsu ma haka.

Dinya ta ainihi ita ce babbar cikinsu duka a Afirka. Baƙa ce mai sheƙin kore, ciki fari, baki da fatar fuska ja, ƙafa doguwa, toron yakan kai kilo 6 ko fiye. A gwiwar kowane fiffike akwai ƙaho mai tsini da take faɗa da shi, kuma yana yanka, wannan kaɗai ya isa ya hana mutum ɗaukar ɗanta a gabanta. Macen ce kaɗai ke kwanci, kusan kwana 30 zuwa 33, ƙwai daga 6 zuwa 14, yawanci a cikin ciyawa kusa da ruwa, wani lokaci a kogon bishiya. Ita ce kuma za ka fi gani da 'ya'yan. Launinsu ƙasa-ƙasa a baya, rawaya a fuska da ciki.

In kuwa manya biyu ne ke tafe da su kullum, ɗaya gaba ɗaya baya, fuskarsu fara, wuya dogo, suna fito mai gaɓa uku, to kirinjijiya ce. Ita uwa da uba ke kwanci, su ke reno. 'Ya'yanta sun fi duhu, da ɗigon rawaya a baya da wani layi mai haske da ya zagaya ƙeya. Idanu huɗu ke gadi maimakon biyu, amma ta fi dinya haƙuri da mutum. Akwai kuma mai ƙululu a saman baki, wadda toronta ne ke da ƙululun, sai wata 'yar ƙarama mai kore da ja da ke zama cikin bado, su biyun nan a kogon bishiya suka fi yin sheƙa. Dukkansu da damina da ƙarshenta suke ƙyanƙyasa. Tarin agwagin da ke cika Baturiya da Dagona da sauran fadamun Haɗeja da Nguru lokacin hunturu, da yawansu baƙi ne daga Turai, ba sa haihuwa a nan, kada wani ya jira Disamba ya tafi neman 'ya'ya.

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai in ƙara dalilin da ya sa ba a tsananta. Ɗan dinya yana fitowa daga ƙwai da ido buɗe, kwana ɗaya ya bar sheƙa, da kansa yake tsince abinci. Amma a kwanakin farko bai iya riƙe ɗumin jikinsa, sai ya riƙa komawa ƙarƙashin uwa. In ka razana su suka watse, wasu su nutse, wasu su lafe cikin ciyawa, to ɗan lokacin da za ta ɗauka tana tattara su shi ne rabon shirwa da hankaka daga sama, guza daga gefe, babbar tarwaɗa daga ƙasa. Ba ka taɓa su ba, amma kai ka rage su.

Ka koyi karanta uwar, ita ce ma'auninka. In kanta na ƙasa tana kiwo, ko tana gyaran gashi, ko ta kwanta ta soke baki a baya, lafiya lau. In ta ɗaga wuya sak ta tsaya cak tana kallon sashinka da ido ɗaya, tsaya da komai, ko yatsa kada ka ɗaga, har sai ta sake sunkuyawa. In 'ya'yan suka daina tsince-tsince suka dunƙule a jikinta, ka kai iyaka. In ta juya ta kama hanyar ciyawa, ranar ta ƙare, kada ka bi. Ka lura da zakaran ƙeƙuwa ma, in yana wurin shi zai fara tona maka asiri da ihu, kowa kuma ya yarda da shi.

Sheƙa kuwa, ko ka gano ta, ba wurin hoto ba ce. Sawunka a cikin ciyawa hanya ce ka share wa kare da yara masu neman ƙwai.

Injiniya f8

Malam da Malama sun gama da dawa, bari in shiga cikin kyamarar. Da farko lissafi, don maganar 600 ta mutu gaba ɗaya. Faɗin farantin hoto na D3500 milimita 23.5 ne, fiksel 6000 a kwance. A kan 300, daga mita 40, faɗin abin da kake gani ya kai mita 3 da ɗoriya. Ɗan dinya mai tsawon santimita 15 zai ci fiksel ƙasa da 300, ba inda silin gashi zai fito. Sa 600 a wuri ɗaya, ka samu kusan 570. Amma 300 ɗinka daga mita 12 zai ba ka kusan 950, daga mita 8 sama da 1400. Wato zanar Malam ta fi gilashin Sigma ko Tamron 150-600 amfani, ga shi su nauyinsu kusan kilo 2 ne. Amfanin 600 na gaskiya shi ne ya ba ka hoton mita 12 daga mita 24, uwar ta fi sakewa. In kuɗin ya samu ka saya, amma ba shi ne ciwonka ba.

Ciyawa ta fito su ba su fito ba, wannan saiti ne. Kyamarar na kan zaɓin da ita ke tsince inda za ta kama, kuma abin da ya fi kusa ya fi kaifin gefe take kamawa, wato ganyen ciyawa. Gashin ɗan tsuntsu laushi ne, ba ta da abin riƙewa. Mayar da ita AF-C, wato saitin da ke bin abu yana motsi, ɗigon saiti ɗaya, na tsakiya. Cikin ɗigo 11 ɗin nan na tsakiyan ne kaɗai mai gicciye, shi ke kamawa da asuba. Ɗora shi a kan ido, ko inda rawayan fuska ya haɗu da duhun kai. Ka shiga menu ka mayar da maɓallin AE-L/AF-L ya zama AF-ON, sai babban yatsa ya riƙa yin saiti, manuni ya riƙa ɗauka. Amfaninsa: in sun tsaya bayan siririyar ciyawa, ka saita sau ɗaya ka ɗage yatsa, ka yi ta ɗauka ba tare da ta koma kan ciyawar ba. In ta ƙi kamawa sam, murɗa zoben da hannu.

Haske: sa ta a A, inda kai ke zaɓar ƙofar haske ita kuma ta zaɓi saurin shota. Ƙofar haske f/7.1 ko f/8, don irin waɗannan gilasai a ƙarshen 300 sun fi kaifi in an ɗan rage su daga cikakken buɗi. Kunna ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) mai sarrafa kansa, iyakarsa 3200, mafi ƙarancin saurin shota 1/1000 na daƙiƙa. Ɗan dinya mai kiwo kansa bai tsayawa, 1/500 zai ba ka jiki tsaf kai a goge. In suna gudu a kan ruwa ko suna karkaɗa 'yan fukafukai, 1/2000. In sun kwanta barci jikin uwa, 1/400 ya isa, ISO ya sauka. Kada tsakuwar da ISO mai yawa ke sa wa hoto ta tsorata ka, ana rage ta a kwamfuta, amma hoton da ya goge ba mai gyara shi. Kafin rana ta fito buɗe ƙofar duka, ka ƙara rage ta in haske ya samu.

Zurfin abin da ke fitowa tsaf ma a san shi. A 300, f/8, daga mita 12, kusan rabin mita ne. Daga mita 8 bai kai santimita 25 ba. Ke nan 'ya'ya takwas a warwatse ba za su fito duka ba. Zaɓi na gaba, ko wanda ya ɗago kai, ka bar sauran su narke. In kana son su duka, jira su jeru a gicciye bayan uwar, nisansu da kai ya zo ɗaya.

Maɓallin ƙari da ragin haske shi ke raba gwani da ɗan koyo a nan, don uwar baƙa da fari ce, 'ya'yan masu haske. In bayansu duhun ciyawa ne ko inuwa, kyamarar za ta ƙara haske ta ƙone rawayan da farin cikin uwar, to rage 0.3 zuwa 0.7. In a kan ruwa suke mai ɗauke da hasken sama, za ta rage su zama baƙaƙe, to ƙara 0.7 zuwa 1. Kunna nunin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa, duba sau ɗaya in haske ya sauya. RAW za ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da ake gyarawa a kwamfuta. Kyamarar tana yin hoto biyar a daƙiƙa, amma cikinta ƙarami ne, in ka danne sai ta cushe daidai lokacin da ɗan zai yi hamma. Uku-uku, huɗu-huɗu.

Kashe ƙarar saiti, kashe 'yar fitilar taimakon saiti, kashe nuna hoto bayan ɗauka don allon na haska fuskarka cikin duhun zana. Filasha kada ta tashi. Ƙarar madubin ciki ba ta kashuwa a wannan kyamarar, naɗe jikinta da tsohon tawul, kuma ɗaukar farko ka yi ta suna nesa, guda ɗaya, ka ga yadda uwar ta ji da ita. Yawanci bayan 'yan lokuta sai ta daina kulawa. Abin da ba ta yafewa shi ne bakin gilashi ya yi wuf daga hagu zuwa dama. Juya shi kamar mai tsoron zubar da mai.

Wani abin da ke ɓata hoton nesa ko saiti ya yi daidai: daga wajen tara da rabi ƙasa ta yi zafi, iskar da ke saman taɓo da ruwa ta fara rawa, kuma kai a ƙasa kake kwance inda rawar ta fi yawa. Ba saitin da ke maganinta. Aikinka tsakanin 6:30 da 8:30 yake, sai kuma bayan biyar na yamma in ka yi wata maɓoyar ta yamma.

Ɗan Kusugu

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Malama, dinya ce, babba ɗaya ce tare da su, jan baki. Tambaya uku suka rage. In aka watsa ɗan gero ko dusa a gaban zanar ba zai gajarta jiran ba? Sannan akwai masu shiga ruwa da tayar mota a rufe da ciyawa su matsa kusa, ya kuke gani? Kuma a kan me zan ɗora kyamarar tunda mai ƙafa ukuna bai sauka ƙasa sosai?

Malama Bado

Gero a'a, ƙanena. Zai yi aiki, shi ya sa ma yake da haɗari. Kana koya mata tsayawa a fili a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum, kai kuma mako biyu za ka yi ka tafi, maharbi da mai tarko su gāji wurin. Manoman shinkafa da ma ba shiri suke da dinya ba. Hatsin na tara kurciya da ɓera, su kuma su jawo shaho da maciji daidai inda 'ya'yan ke kwanciya. A hoton ma ana ganewa: kai a ƙasa, ƙwayar gero a taɓo. Abincinsu ɗanyar ciyawa da tsiron ruwa da ƙananan ƙwari, suna da shi.

Haka sanya kukan tsuntsu a waya don a jawo su, da tura yara su koro su ta sashinka, da jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, wanda su a wurinsu shaho ne. In ka tsinci ɗaya shi kaɗai yana kuka, ja da baya sosai ka ba shi lokaci, galibi uwar na cikin ciyawa tana jiran ka gusa.

In hoton ya samu, sunan fadamar ya tsaya a cikinka. SnapBridge, manhajar Nikon da ke haɗa kyamara da waya, na iya manna wurin da wayarka take a jikin hoton, kashe wannan kafin ka tura Facebook, ka kuma yanke duk wata alama, gada ko hasumiya, da za a gane wurin da ita.

Malam Na-Ajiwa

Maganar taya, tana ba da hoto mai kyau don gilashi na daidai fuskar ruwa, amma ban ba ka shawara ba a ruwan fadama ko gefen dam irin su Sabke da Daberam da Ajiwa. Ruwa mai kwanciya da bado da ciyawa shi ne gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai ka sha ba, ta fi yawa daga hantsi zuwa azahar, fitsarin jinin kuma sai bayan wata biyu ko uku, lokacin ka manta. Sai da wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, shi kuma in ya cika da ruwa a wuri mai zurfi ko taɓo mai riƙe ƙafa wata masifar ce. Ga matsattsaku. Wanda ya riga ya shiga irin ruwan nan ya je asibiti a duba fitsari, maganin na nan. Ka samu gaɓa mai gangara a hankali ka kwanta a bakinta, kusan hoto ɗaya ne.

Abin ɗorawa: yanke ƙafar tsohon wandon jins, zuba gero tiya ɗaya a leda mai kauri, saka ciki, ɗinke baki biyu. Kada ka cika shi tam, a bar wuri gilashin ya nutse ya zauna. Ledar dole ce, in raɓa ta shiga geron zai kumbura ya yi tsami. Buntun shinkafa ya fi sauƙin ɗauka amma bai kai gero riƙewa ba. Wanda ke da kan mai ƙafa uku da ake kwancewa, ya samu tsohon kaskon suya, mai walda ya huda tsakiya ya sa ƙusa mai zare ta inci 3/8, a ɗaura kan a ciki, ana tura shi a kan taɓo ba ya nutsewa. A kan buhu, da shota 1/1000, ba ka buƙatar VR, wato mai rage rawar hannu na gilashin.

Dalilin wannan kwanciya duka: in ka ɗauka daga tsaye, bayan ɗan taɓo ne da ke dab da shi, komai ya fito ya cakuɗe. In gilashi na daidai idonsa, bayansa ya zama ciyawar can nesa, ta narke ta zama kore lumui. Zaɓi kusurwar da ke da aƙalla mita 5 na fili a bayan gaɓar. Jira ya juyo kai kaɗan ta sashin rana, ɗigon haske ya faɗa a ido, sannan ka danna. Ido ba ɗigon nan kamar na gawa yake fitowa. In ka ƙware, gwada akasin haka wata rana, rana a bayansu tana ƙasa-ƙasa, gashin ya kama wuta ta gefe, sai ka ƙara haske kaɗan ka tabbata hular gilashi na kai. Allon D3500 bai lanƙwasawa, don haka haɓa a ƙasa, ido a rami. Shimfiɗa leda, tabarma a kai, ɗan matashi ƙarƙashin ƙirji, in ba haka ba wuya zai gaji kafin su iso.

Duba cikin zanar da sanda kafin ka shiga, kowace rana. Wuri mai duhu da ɗumi a bakin ruwa kai da kububuwa da kunama kuke so. Doguwar riga, safa, maganin sauro a wuya da bayan hannu, amma kada ya taɓa tafin hannu, mai sinadarin DEET na cin robar kyamara. Kaya masu launin ƙasa ko toka, ba farar shadda ba. Kada ka kuskura ka sa mai zanen kakin soja, an hana farar hula, kuma a halin da ake ciki mutum kwance cikin ciyawa da asuba da dogon baƙin abu a hannu ba ya buƙatar ƙarin abin zargi. Tun kafin ka kafa turke je ka gai da mai gari, ka ga sarkin ruwa in akwai masunta, 'yan sintiri su san fuskarka su ga kyamarar da rana. In gefen dam ne, ma'aikatan wurin ma. Wani a gida ya san inda kake da lokacin dawowarka. Wuraren yamma irin su Jibiya da Zobe, sai ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon, ba labarin bara ba.

Injiniya f8

Ƙari kaɗan. Kafin zanar ta kai mita 12, je kududdufin unguwa inda agwagwar gida ke yawo da 'ya'yanta, ka kwanta ka gwada duk saitin nan. Girma ɗaya, launi kusan ɗaya, rashin zama ɗaya. A nan za ka gane ko yatsanka ya saba da AF-ON, ba ranar da dinya ta tsaya gabanka minti uku ba.

In a mota mai sanyi za ka je, kashe sanyin tun a hanya ko ka sa jakar a but. Gilashi mai sanyi in ya haɗu da iskar fadama gumi yake yi ciki da waje, sai ka yi kusan minti ashirin kana jira, gogewa ba ta hanawa. Batir biyu, memori wanda aka share, kada a canza gilashi cikin zana. In ka dawo gida fito da kayan daga jaka su sha iska, sannan ka ajiye su a roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika, damina ce lokacin da fumfuna ke tsirowa cikin gilashi.

Ranar da za ka kafa maɓoyar a wurinta na ƙarshe, kwanta ka leƙa ta ramin da kyamarar a hannu. Duk ganyen da ya gitta tsakaninka da gaɓar a mita biyu ko uku na farko, lanƙwasa shi ko ka ɗaure shi gefe, shi ne ke sa wani koren hazo a kan hoto ba ka san daga ina ba. Na bakin gaɓar kuwa bar musu kayansu, in ka share shi ba za su hau ba.